Wayar Miyar Kuɓewa

Tunda ka ce kunya kake ji ka faɗi wanda ya koya maka aiki, zauna ka ji misalin wani mai gyaran rediyo. Mutumin yana da hannu, ba na hana shi wannan, amma son a yabe shi ya fi hannun tsawo. Ya ari tsohon littafin zanen haɗa rediyo a wurin wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin wayar iska, ya ɗora takarda shara-shara a kai, ya kwafe kowane layi, ko ɗigo bai bari ba. Wata uku yana fama da dalma da bawul, kwalaben nan da ke ja kamar garwashi idan sun ɗau zafi, har ya haɗa na'urar aika magana. Ya kafa eriya a kan darbejiyar ƙofar shagonsa, ya kunna, sai ga wani daga Agadas yana amsa masa. Shi ke nan kai ya kumbura. Ya shiga gaya wa 'yan ƙungiyarsu ta masu rediyon sha'awa cewa tsarin nan daga ƙwaƙwalwarsa ya fito, suka sa ranar da za su zo su gani, su kuma laƙaba wa tsarin sunansa.

Ranar taron dattijon ya zo da sandarsa ya zauna a baya. Aka buɗe na'urar, wani ya nuna wata siririyar waya da ta taso daga jikin farantin ƙarfen da aka ɗora kayan a kai, ta yi lanƙwasa biyu, ta koma jikin farantin, ya tambayi amfaninta. Gogan naka ya gyara hula, ya ce ai ita ce sirrin aikin gaba ɗaya, shekara bakwai ya yi yana lissafi kafin ya gano lanƙwasa ta biyu. Dattijo ya matso, ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ce, "Ɗana, wannan miyar kuɓewar Hajiya ce. Ina cin tuwo ina zane, yauƙin ya zubo ya bushe a takardar. Sauran kuwa ni ma a wani tsohon littafi na samo, ban taɓa ɓoyewa ba." Ya karɓi filaya ya datse wayar. Na Agadas, da ke kan layi a lokacin, bai ko san an yi ba, yana ta surutunsa. Wallahi har yau ina jin tausayin mutumin, don aikinsa mai kyau ne, da ya ce aro ya yi da ba wanda zai rage masa komai. Sunan da ya nema kuwa ya samu, sai dai ba wanda yake so ba, don yara ma Injiniya Kuɓewa suke kiransa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, kayan aro ba ya rufe katara.