Ɗan Rakiyar Abdulilah

"Yalla, Abdulilah, ɗaga ƙafa!" Hafizu ya daka wa abokinsa tsawa cikin duhu.

Abdulilah sai haki yake. Tun la'asar yake gasar gudun kilomita ɗari a bayan garin Makka, kuma duk wanda bai iso ba kafin kiran asuba an cire shi. Samarin unguwarsu ta Tandabawi sun riga sun gama yi masa dariya, wai ko rabi ba zai kai ba. Da tsakar dare kuwa ƙafafunsa suka ƙi, ya zauna bakin titi ya ce ya haƙura. Nan Hafizu ya shigo rakiya.

Rakiyar ba ta zo da sauƙi ba. Gadon bayan Hafizu ya ƙage, muryarsa ta dishe, barci na fizgarsa.

"Wallahi ban taɓa shan wuya irin ta yau ba," in ji shi.

"Halas, ya isa, yi mini shiru," Abdulilah ya ce, ya ƙara wuta.

Suka tsallake layin ƙarshe ladan na gyaran murya. Wani ma'aikacin gasar ya rugo da ruwa, sai ya tsaya turus yana kallon Hafizu.

"Me ya same ka? Karaya ce?"

"Lafiyata lau," Hafizu ya ce, ya sauko daga keken guragun da Abdulilah ya turo shi a kai, yana miƙa. "Shekara da shekaru Abdulilah yana tura alhazai a irin wannan keke tsakanin Safa da Marwa. Ƙafarsa ba ta san gudu ba sai da mutum a gaba."

Ya karɓi ruwan, ya shanye.