Ranar da Baba Ya Dawo Gida

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan doguwar jinyar shanyewar ɓarin jiki, Auta na ba shi ruwa a cokali sai ga saurayinta ya shigo gaisuwa. Baba ya miƙa masa hannun da ke motsi, yawu na bin gefen bakinsa. Saurayin ya taɓa da yatsa biyu, ya faki ido ya goge a labule.

Auta ta gani.

Da ta rako shi bakin ƙofa, ya rage murya. "Maganar aurenmu ce ta kawo ni. Amma wannan zarnin... ba da shi za mu zauna ba, ko?"

Ta dube shi sama da ƙasa, turarensa na hawa mata kai.

"Kwashe takalmanka," ta ce. "Yanzu na wanke wurin nan."