Gurbin Fuskar Jika

Tun da aka ƙayyade abin da na'urar tunawa ta kowa za ta riƙe, ta Goggo Kande ba ta cika ba sai ranar da aka haifi jikarta. Ta garzaya ofishin unguwa.

"Goggo, sai kin sauke wani abu zuwa rumbu kafin fuskar jaririyar ta samu gurbi," in ji ma'aikaciyar.

"Sauke rigimata da maƙwabciyata Ladidi, 'yar nan. Shekara ashirin ba ma ga maciji."

Da ta dawo, ta tarar da Ladidi a ƙofar gida, ta rungume ta. "Ƙawata, zo ki ga jikata!"

Ladidi, wadda ba ta manta komai ba, ta gyara mayafi. Sai ta bi ta ciki tana rangaɗa guɗa.