Hannun Gola da Hannun Mai Riƙon Ƙarfe

Tunda ka ce guminka ne kaɗai ya kai ka inda kake, gyara zama in ba ka misali.

A ƙasar Wales, zamanin da ƙwallon ƙafa ke rarrafe, ana buga tamaular fata wadda in ta sha ruwa sai ta yi nauyi kamar kabewa, an yi wani gola da ke neman abinci a wurin fasa dutse. Aikin na mutum biyu ne: ɗaya ya durƙusa ya riƙe dogon ƙarfe a kan dutse, ɗaya ya yi ta dukan kan ƙarfen da guduma har a huda ramin da za a ɗura albarushi. Bisa al'ada karɓa-karɓa ake yi, don guduma na cin kafaɗa. Abokin aikin golan wani dattijo ne marar yawan magana, wanda tun ranar da ya gan shi yana cafe ƙwallo a filin ƙauye shi dattijon bai sake ɗaukar guduma ba. Kullum sai ya ce bayansa ke ciwo, ya yi wuf ya durƙusa ya kama ƙarfe. Golan ya yi ta gunaguni, har yana gaya wa abokan wasansa an haɗa shi da ci-ma-zaune, shi ke gumi, tsoho na hutawa. Shekara huɗu ana haka. Ran nan sai ga takarda, an zaɓe shi ya tsare wa ƙasarsa gida a karawa da maƙwabta. Ya hau jirgin ƙasa yana taƙama, ko sallama bai yi wa dattijon ba. Shugaban ma'aikata kuwa ya miƙa gudumar ga wani sabon shiga.

Golan ya taka rawar gani, duk ƙwallon da ta tunkaro shi sai ta maƙale a tafinsa. Ya dawo da hular girmamawa da ake ba wanda ya buga wa ƙasa, ƙauye ya fito tarbarsa, amma bai ga abokin aikinsa ba. Da ya je gidan dattijon sai ya tarar da shi zaune, hannu naɗe da tsumma. Sabon shiga ya kuskure kan ƙarfe, yatsu biyu sun tafi. Matar gidan ce ta fasa ƙwan, ta ce mijinta bai taɓa ciwon baya ba tunda ta san shi. Dattijon ya harare ta, sannan ya dubi golan ya ce, “Mai riƙon ƙarfe shi ke ajiye yatsunsa a bakin guduma. Nawa dutse kawai suka sani. Naka kuwa ƙasa guda ke jiransu.” Golan ya buɗe tafukansa ya dubi yatsunsa goma cif. Kunya ta rufe shi, godiya ta cika masa ciki, sai hawaye. Ga shi kuma hannun dattijon ba zai ƙara cin abinci a dutse ba.

Bayan wata biyu wata babbar ƙungiya daga birni ta zo zawarcinsa. Ya ce ba zai sa hannu ba sai an ɗauki dattijon aikin gyaran fili da shafa wa tamaula mai. Suka yi dariya, suka ce gola suka zo nema, ba tsoho ba. Ya ture takardar ya miƙe. Ganin da gaske yake, suka yarda. Shekara goma sha biyu yana tsare musu gida, dattijon na tsaye a bayansa da yatsu takwas, in an zura wa golan ƙwallo dattijon ya tambaye shi ko bayansa ne ke ciwo.

Shi ya sa masu iya magana suka ce, da abokin daka akan sha gari.