Riɗi, Gishiri, Citta

Malam Tanimu ya kife tukunyar a bayan danga, ya wanke ta da toka har sau biyu. Karo na goma sha ɗaya ke nan.

Tun ranar da motocin gwamnati suka kwashe su daga tsohon gari, ruwan Kainji ya haɗiye gidansu da kaburburan iyayenta, matarsa Dudu ta daina magana. Daga baya ta daina cin abinci, sai kunu cokali uku. Wuyan hannunta ya koma kamar kara. Malamin asibitin Wara ya ce wannan ba ciwon allura ba ne, a nemo mata abin da ranta ke so.

Malam Tanimu ya san abin: gasasshen kifin da take shafa wa haɗin citta da riɗi. Kuma yana da shi a rubuce, domin a makarantar mishan an koya masa cewa abin da ba a rubuta ba ya ɓata. Shekara ashirin da suka wuce ya zaunar da ita, tana faɗa tana dariya, shi yana rubutawa: "Soyayyen riɗi, gishiri, ruwan tsamiya, citta. A daka. Sai citta."

Citta sau biyu ke nan, ɗaya a turmi, ɗaya a kai. Haka yake yi kowace safiya, sabo fil, don ba ya yarda da abin da ya kwana a tukunya. Ya shafa wa kifi, ya gasa, ya kai mata. Ta sansana, ta juya wa bango fuska.

Ya zargi kifin tafki. Ya zargi sabon turmi da ruwan sabuwar rijiya. Ya gwada busasshiyar citta, ya gwada ɗanya, ya ƙara har idanunsa suka yi ruwa. Rannan ya yi jifa da taɓarya, kajin maƙwabta suka watse.

Ranar Litinin ya daka na goma sha biyu, ya rufe. Kafin masunta su fito da kifi aka ce jirgin ruwan Yelwa zai tashi. Ya bar Dudu a hannun maƙwabciyarsu Cindo, ya tafi neman ƙanwar Dudu, ko ita ta san abin da ya rage. Ya tarar ta bi mijinta Shanga. Iska kuma ta hana jirage dawowa sai Juma'a.

Yana shiga gida ya hango tukunyar inda ya bar ta, ba a wanke ba. Ya yi tsaki, ya sure ta zai zubar. Murfin ya zame, ƙamshi ya cika tsakar gidan.

Sai ya ji an riƙe masa riga. Dudu ce, dafe da bango. Ta tsoma yatsa ta lasa, ta lumshe ido.

"Nemo kifi, Malam."

"Ban ƙara komai ba fa," in ji shi. "Ga littafin nan."

Ba ta ko kalli littafin ba. Ta kama hannunsa, ta shiga lanƙwasa masa yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Gobe. Jibi. Gata." Ta lanƙwasa na huɗu. "Citta."