Sobiyar da Ta Kwance Harshe

A kofi na uku harshen maigidan ya kwance.

Tun da aka fara zagayen tsofaffin gidajen unguwar Balad ta Jidda bayan magariba ya raɗa wa ɗan jagora, wani haifaffen Jidda, ya samo masa "abin nan na ɓoye". Ɗan jagora ya kashe masa ido, ya kawo wani farin abin sha mai sanyi.

Yanzu ga shi yana tangaɗi a gaban matarsa da surukarsa, wadda ta zo Umra ta ƙi komawa gida.

"Hajiya, minsharinki ya fi na jirgin sama ƙara! Tuwonki kuwa, ko kyanwar unguwarmu ta Aziziyya ba ta ci. Wai yaushe za ki tafi ne?"

"Ki yafe masa, Mama, ba ya cikin hayyacinsa," in ji matar. Ta juya kan ɗan jagora. "Giya ka ba shi?"

"Giya? A'uzubillahi! Sobiya ce, ya ukhti, sha'ir da sukari. Har yara suna sha."

Tangaɗin ya tsaya cak.

Hajiya ta gyara mayafinta a hankali, ta miƙa hannu wajen ɗan jagora.

"Ciko mini babban kofi, ɗana. Ni ma ina da magana."