Kati Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar Talata da hantsi, shekara takwas da aurensu, tela da matarsa suka zauna gaban likita. Matar ta riga ta gama nata gwajin: hoto sau uku, jini sau biyar, ba a ga komai ba. Saura shi. Wata biyu ya yi yana kwana-kwana kafin ya karɓi katin gwaji, kuma har yau bai yarda likita ya taɓa jikinsa ba.

Yayansa ne ya kawo su a mota, yana jira a waje. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu da saurin hannu. Ya taɓa karya wa maƙwabci haƙarƙari don ya cika tsayawa gaisawa da matarsa. Amma ƙanin nan nasa, ko ƙuda ba ya so ya sauka masa.

Masinja ya hawo da takardun daga ɗakin gwaji, can ƙasan bene, inda ake miƙa kati ta taga a kira mutum da lamba. Likita ya duba lambar, arba'in da bakwai, ya daɗe yana karatu. Tela ya jingina da kujera, har yana kaɗa ƙafa.

"Sau biyu aka duba maniyyin, wata guda tsakani," in ji likita. "An juya shi a inji, an tace. Ko ƙwayar haihuwa ɗaya ba a samu ba."

Ƙafar ta tsaya.

"Toshewa ce, likita?" matar ta tambaya. "An ce ana buɗewa."

"Da toshewa ce da na yi murna. Jikin ne ba ya yin su sam. Wasu mazan mukan tsaga maraina mu lalubo 'yan kaɗan, mu haɗa da ƙwan mace. To, jinin ya nuna wani ɗan yanki ya ɓace a ƙwayar halitta, kuma irin wannan ko an tsaga ba a samu."

Matar ta rufe fuska da mayafi. Tela bai dube ta ba.

"Ba ya samun mutum daga baya? A ce a da lafiyarsa lau?" ya tambayi likita.

"Da shi ake haihuwar mutum, malam."

"Ko sau ɗaya? Bisa kuskure?"

"Ba kuskure a nan. Mai wannan jini bai taɓa yi wa mace ciki ba, ba kuma zai yi ba."

Tela ya naɗe takardar sau huɗu, ya tura aljihu. A bene ya tsaya gaban kwandon shara zai jefa ta, ya ga matarsa tana kallonsa, ya wuce. Ita kuwa ta ce za ta same shi a mota, bari ta wanke fuska.

Rana ta yi zafi a wajen ajiye motoci. Yaya yana zaune bisa bonet ɗin motarsa, ya ɗora autarsa a cinya yana ɓare mata lemo da wuƙa. Sauran ukun suna kokawa a kujerar baya, suna jiran a kai su gida wajen uwarsu.

"Auta, ka fito kamar an yi maka wanka da toka! Likitan ne ya tsorata ka?"

"A'a, Yaya. Sun ce a dawo wani mako."

"Ƙarya kake, ga takarda nan tana leƙowa." Ya sauke yarinyar, ya goge wuƙar a gwiwa, ya waiga ya tabbata matar ba ta iso ba. Sannan ya miƙo hannu yana dariya ƙasa-ƙasa. "Kawo in ga yabon da suka yi mini. Sau uku fa na tsaya a tagar nan da katinka, ni na cika musu kwalba, ni suka tsotse wa jini."